Idon Zakin Baba Istifanus

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina riƙe da buroshi, amma rana ɗaya ce ta ƙi gogewa a raina: wata Alhamis cikin damina, a shekarun da kuɗin man fetur ya fara cika gari. Ku da kuke zane a kwamfuta yanzu, kuna yi wa mawaƙan hip-hop hoton kundin waƙa, kuna fesa fenti a bango kuna cewa sabon salo ne, ku gyara zama ku ji. Mu ma mun yi tashenmu, sai dai mu bangonmu a kan taya yake tafiya.

A lokacin ina aiki a shagon Baba Istifanus da ke Herwagana. Batangale ne, dogo, mai ƙarancin magana, kuma duk direban da ke shiga tashar Gombe ya san hannunsa. Aikinmu zanen manyan motoci masu bodin katako, masu ɗaukar auduga da gyaɗa. Ni ɗan Tudun Wada ne, iyayena daga Kano suka zo, shi ya sa bai taɓa kirana Sani ba, sai Bakano.

Bari in bayyana muku yadda shagon yake, don ku gane girman laifina. Sabon shiga wankin buroshi zai yi. In ya daɗe sai a ba shi shafe, wato fentin farko da ake shimfiɗawa a katako. Daga nan haruffa, daga haruffa sai hoto. Amma ko kai ne ka zana dabba tun daga wutsiya har gemu, ba za ka sa mata ido ba. Ido na maigida ne. Ranar da maigida ya miƙa maka ƙaramin buroshi ya ce sa ido, ranar ya yaye ka, kana iya buɗe naka shagon. Ni ina da shekara ashirin da takwas, da mata da 'ya'ya biyu, shekarata tara a wurin, ban taɓa sa ido ko ɗaya ba. Kuma abin yana cin raina, ba zan ɓoye muku ba.

Akwai abin da duk mun sani amma ba mai faɗi: hannun Baba ya fara rawa. In zai sa ido sai ya jingina tsintsiyar hannunsa a kan kara, ya juya mana baya, aikin minti biyu ya kai shi rabin awa. Ga shi kuma zamani ya juya. Masu kuɗi sun koma sayen motocin bodin ƙarfe, shaguna sun koma allon roba mai wuta da ake kawowa daga kudu.

A jikin bangon shagon akwai wani tsohon allon bayan mota a jingine. Na motar wani Alhaji ne daga Kwadon, Baba ya zana shi tun ƙuruciyar hannunsa. Da Alhajin ya sayi sabuwa, kafintoci suka kwance tsohon bodin, Baba ya roƙi allon. Zaki ne a tsaye kan dutse, ya waiwayo yana kallon mai bin motar a baya, a samansa an rubuta "Allah Ya Kiyaye Hanya". Rana ta cinye ja, ruwa ya wanke shuɗi, tsakuwar hanya ta fasa fentin nan da can. Idon ma babu shi, dutse ya ɓamɓare wurin har katako ya fito. Mu dai inuwa muke yi da shi in za mu ci abinci.

Ranar Litinin ta makon da nake ba ku labari, wata mata ta tsaya da ƙaramar mota, da kyamara a wuya. Ta ce sunanta Malama Rahila, tana koyar da zane a jami'a, tana zagaya garuruwa tana neman aikin masu zanen mota. Ta wuce sababbin ayyukanmu masu sheƙi ko kallo na biyu ba ta yi musu ba, ta je ta durƙusa gaban tsohon allon. Ta daɗe a nan.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni ne, 'yata. Da can."

Ta ce ana shirya baje kolin zane-zanen zamani a Legas, tana so ta kai shi, a rataye shi a babban ɗaki da sunan Baba a ƙasa. Baba ya yi dariya ya ce wa zai bar aikinsa ya zo kallon bayan mota? Amma na ga ya cire hula ya mayar har sau biyu, abin da yake yi ke nan in daɗi ya kama shi. Suka yi da ita za ta dawo Alhamis da motar ɗauka. Washegari Baba ya tafi ƙauye jana'izar wani ɗan'uwansa, ya bar mini shago.

To, a nan ne wayona ya motsa. Ku sani, a wurin mai zanen mota babu abin kunya kamar fentin da ya koɗe. In motar da ka zana ta shigo tasha a dusashe, kai ake zagi, ba rana ba. Na tsaya ina kallon allon nan ina cewa a raina, yanzu wannan za a kai Legas, manyan mutane su taru su ce haka maigidana yake aiki? Ranar Laraba bayan azahar na kwantar da shi a kan benci. Ban kankare ba, ban goge katakon da samfefa ba, na bi layin Baba sawu da sawu da sabon fenti. Ja ya dawo ja, gashin wuyan zaki ya tashi. Da na iso wurin idon na tsaya, na duba hagu na duba dama. Na ce ai ba za a kai makahon zaki Legas ba. Na ɗauki ƙaramin buroshin Baba na sa ido. Na koma gida ina jin babu wanda ya kai ni biyayya a garin Gombe.

Alhamis da hantsi Baba ya dawo, Malama Rahila na biye da shi kusan tare. Na yaye buhun da na rufa wa allon ina murmushi, ina jiran yabo.

Malamar ta dafe kai. "Wayyo! Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne, Malama. Gyara shi na yi."

"Malam Sani, ai ba sabon fenti na zo nema ba. Hannun Baba na zo nema, da shekarun da allon ya yi a hanya. Yanzu duk ka rufe su."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Baba ba zai iya sake zana irin wannan zakin ba har abada, kuma ni, da hannuna, na binne shi kwana ɗaya kafin duniya ta gan shi. Ga laifin ido a kai. Na fara tunanin abin da zan gaya wa matata in an kore ni.

Baba ya sunkuya ya dangwala yatsa a gefen allon, ya duba. Fentin ya kama yatsan.

"Bakano, yaushe ka shafa?"

"Jiya bayan azahar, Baba."

"Ka kankare na ƙasa?"

"A'a, wallahi ban taɓa shi ba."

"To ka gode wa damina. Kawo kananzir da tsumma mai laushi."

Abin da Malamar ba ta sani ba, da duk karatunta, shi ne fentin mai ba ya saurin bushewa in iska da laima. Nawa kwana ɗaya ne, kananzir zai narkar da shi. Na Baba kuwa ya shekara fiye da goma a rana, ya zama ɗaya da katako. Muka durƙusa mu uku, har da ita da atamfarta mai tsada, muna gogewa a hankali, tafin hannu bayan tafin hannu. Hannun da ke rawa da buroshi bai yi rawa da tsumma ba. Tsohon zakin ya riƙa fitowa, koɗaɗɗe, da tabonsa duka. Baba har tsokanata yake yi, wai Kanawa ko tsohuwar tukunya suka gani sai sun yi mata kwalliya sun sayar.

Wajen la'asar saura fuska. Na naɗe tsumma a yatsa na nufi idon, don in gama da abin kunyata. Sai na ji Baba ya riƙe mini hannu.

Ya ja da baya taku uku ya kalli zakin. Ya matsa dama, ya matsa hagu, kamar yadda yake gwada kowane ido, ya ga ko yana bin mutum. Ya daɗe yana yi.

"Wannan a bar shi," in ji shi.

Malama Rahila ta ce, "Baba, ai sabo ne, zai bambanta da sauran."

"Ya bambanta. A ƙarƙashinsa ba komai sai katako. Jikin nawa ne, idon nasa ne, haka za ki rubuta a Legas." Sannan ya juyo gare ni. "Shekara biyu ke nan ina so in ba ka buroshin nan, Bakano. Tsoro nake ji in na ba ka, na gama. Ashe kai ma ka gaji da jira."

Na buɗe baki in ba da haƙuri, kuka ya riga ni. Ƙato da ni, a gaban mace, hannu duk kananzir.

Allon ya tafi Legas. Bayan wata biyu ta aiko mana da hoto: ga zakin a farin bango, mutane sanye da kwat suna tsaye suna kallonsa, ga 'yar takarda a ƙasa da sunaye biyu. Baba ya kai hoton coci ya nuna, ni na kai majalisarmu ta Tudun Wada. Ban buɗe nawa shagon ba sai bayan rasuwarsa. Na zauna, yana zana abin da hannunsa zai iya, ni ina sa ido, kuma ba a taɓa jin bakinmu ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ba kowane tsufa ne lalacewa ba, kuma kafin ka gyara aikin wani ka tambayi abin da ake so a cikinsa. Na kuma gane cewa maigidan da ya hana ka wani abu, wani lokaci ba raini ba ne, tsoron ranarsa yake ji. Shi ya sa ku ba zan sa ku jira shekara tara ba. Ƙaramin buroshin nan da kuke gani a aljihun rigata, wanda kuke dariya kuna cewa ya tsufa, shi ne. Ranar da na miƙa wa ɗayanku shi, kada ya tsaya kallon hannuna, ya karɓa kawai.