Takardun Ungulu a Bangon Falonmu

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na kiran ta da komai sai Uwata. Ta yi karatu mai zurfi a kan tsuntsaye, ta kama aiki da wata ƙungiya da ke neman yadda ungulu ba za ta ƙare a ƙasarmu ba. Idan abokan kasuwancina a Dubai suka tambaye ni aikinta, sai in ce likitar dabbobi ce, in yi maza in sako zancen jirgin ruwan da ya makara.

Ba ungulun kaɗai nake gudu ba. Ni ɗan mahauta ne. Ubana mahauci, kakana mahauci, yayana har gobe da asuba yana kwata. Ni na ajiye wuƙa tun ina saurayi, na shiga Kantin Kwari, daga nan na faɗo Dubai, ina tara kayan mutane a wani sito a Al Quoz ina loda musu a kwantena. A nan kowa Alhaji ne, babu mai tambayar sana'ar gidanku. Na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Ko a gida na rage kai yarana wurin Yaya, sai da sallah, su gaisa a tsaye mu fito. Kuma na san duk wanda ya ja zancen ungulu, ƙarshensa kwata zai isa.

Wata shekara aka turo su Dubai taron koyon tsara aiki. Ranar Lahadi ta zo fulat ɗinmu a Al Nahda, inda nake zaune da wani abokina mutumin Damagaram, mai safarar kayan gyaran mota. Ta kawo yaji da kuka daga wurin uwarta. Bayan mun ci abinci ta ce:

"Baba, ka ara mini bangon nan. Ɗakin da aka sauke mu ba wuri, kuma kafin a tashi taron sai kowa ya nuna tsarinsa."

Ta fito da wasu ƙananan takardu masu launi, irin masu manne kansu. Ta fara daga dama kamar mai rubutun allo. A ta farko ta rubuta ungulu.

Abokina ya tashi zaune. "'Yata, ashe wannan ce dabbar taki? Alhaji, ka ce mana likita, ba ka ce ta wa ba!"

Ta yi dariya, ba ta kalle ni ba. Ta jera wasu takardun a hagun ta farko, ta ce waɗannan su ne abubuwan da ke kashe ta kai tsaye: masu kama ta su sayar wa masu magani, gubar da ake sa wa mushe, sare dogayen bishiyoyin da take sheƙa a kai, da rashin abinci. Daga kowacce ta ja kibiya zuwa ga ungulu. Sai ta koma bayan kowacce tana tambayar me ya jawo ta, ta rubuta amsar a wata takardar, ta sake jan kibiya. Ta ce dokar aikin ita ce a karanta kowace kibiya da baki, idan maganar ba ta zauna ba a cire. Amfaninsa, in ji ta, kada mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a inda ba nan ciwon yake ba.

"Wallah!" in ji abokina. "Ai wannan kago ne, irin aikinmu na tura kaya. Daga mai kanti zuwa sito, daga sito zuwa tashar ruwa. Idan kaya suka ɓace sai ka bi baya ka ga hannun wa suka tsaya."

"Haka ne, Kawu."

"To ni ma a rubuta ni. Ina da ra'ayi a kan gubar nan."

Suka yi ta musu, yana ciro takarda yana mayarwa a wani wurin, tana ƙwacewa tana dariya. Ni ina kan kujera ina kallon bangon yana cika. Bokona kaɗan ne, amma mutum ba ya buƙatar boko kafin ya ga inda kibiyoyin suke taruwa. Rashin abinci: saboda yanzu jini da ƙashi da kayan tumbi duk ana kwashewa a kai wa masu kaji da masu kifi. Masu kamu: saboda sun san wurin da ragowar ungulayen ke sauka, kuma babu mai hana su. Duka biyun a takarda ɗaya suka haɗu. Kwata.

A can ƙarshen hagu ta liƙa wata ruwan ɗorawa, ta rubuta zama da mahauta. Ita kaɗai ce ba ta ja wa kibiya ba.

Abokina ya shiga kicin haɗa shayi. Na tambaye ta a hankali me ya sa ta bar wannan haka.

Ta ce sun je kwata sun dawo ba ko sau ɗaya ba. Da aka gan su da takardu da kyamara aka ɗauka duba-gari ne, kowa ya juya baya. Idan ba ta nuna hanyar shiga wurin ba, za a cire wannan ɓangaren daga tsarin, a bar su da liƙa hotuna a makarantu.

"Ban je wurin Baba Babba ba," ta ce, tana gyara wata takarda da ba ta karkace ba. "Na ga kamar ba za ka so ba."

Ban taɓa ce mata kada ta je ba. Amma yarinyar da ta tashi tana ganin ubanta yana duba agogo a zauren yayansa ba ta buƙatar a faɗa mata. Na kalli bangon, na tuna rufin kwata da hantsi lokacin ƙuruciyarmu, ungulaye sun jeru baƙi ƙirin suna jiran a zubar da tumbi. Ubanmu ba ya bari mu jefe su. Yakan ce da mu da su wuri ɗaya muke aiki.

Abokina ya dawo da tire. Ya karanta takardar ya girgiza kai. "Mahauta? Sai dai Allah ya taimake ki. Waɗannan ba sa jin maganar bare."

"Ba bare ba ce," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa. "Yayana ne na kusa da Sarkin Fawa. Gidanmu ne."

Ya ajiye tiren, ya dube ni, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Habibi," ya ce da guntun Larabcinsa na Dubai, "kana jin yau muka sani? Mutumin da in mun je sayen nama yake karɓe wuƙa daga hannun Bapakistane ya nuna masa gaɓa? Duk Al Quoz an sani. Mun ga kana ɓoyo ne muka taya ka. Yalla, sha shayinka."

Ban sha ba. Na ɗauko waya na kira Yaya ta bidiyo. A Kano azahar ba ta yi ba, na same shi a bakin famfo yana wanke hannu, hula a ƙeya.

"A'a! Alhajin Dubai ya tuna da masu ƙarni? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya. 'Yarka ce ke da magana."

Ta durƙusa a gaban waya ta gaishe shi, sannan ta bi bangon da ita a hankali tana karanta masa kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya matso da ido har hancinsa ya cika fuskar wayar. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ce rabonsa da ganin ungulu a rufin nan har ya manta, kuma tun da suka tafi ƙudaje da karnuka suka gaje wurin.

"Ashe ke ce kuka zo da kyamara? Da kin ce ke 'yar wane ce, ai da tabarma aka shimfiɗa miki." Ya share fuska da hannu. "Zan kai ki gaban Sarki. Amma gida za ki fara zuwa ki ci tuwo, ki zauna, ba a tsaye ba. Ba ni ubanki."

Na karɓi wayar.

"Kai kuma ba ta waya ake gabatar da 'ya ba. Ka zo da ƙafarka ka ce wa mutane taka ce."

Na ce da na gama lodin da ke gabana zan taho, in sha Allahu.

"To. Ka taho da takalmin roba. Kuma kada ka sa mini farar shadda."