Baba Filibus da Inuwar Mangwaron Indo

Kullum kafin ma'aikatan masana'antun Kudenda su cika titi, Baba Filibus ya riga ya fito daga gidansa na Trikania, jakar kayan aiki a kafaɗa, kujera 'yar tsugunno ɗaure a bayan babur. Filaya da sukundireba kowane mai haɗa sola yana da su. Kujerar ce ta bambanta shi da sauran, kuma ita ce ta daɗe tana jawo masa tsiya.

Duk gidan da aka kira shi aiki, ranar farko ba ya taɓa ko ƙusa. Zai dasa kujerarsa a tsakar gida tun hantsi, ya zauna yana kallon rufin kwano har rana ta yi sanyi. Inuwar tankin maƙwabta ta motsa, ya tashi ya yi zane da gawayi a bango. Ta sake motsawa, ya ƙara zane. In an kawo abinci ya ci, bai san fulako ba. Matan unguwa suka sa masa suna Mai Gadin Inuwa. Akwai magidantan da suka sallame shi tun kafin azahar, suna cewa su ma'aikaci suka nema, ba baƙo ba. Sai ya ɗaure kujerarsa ya yi musu sai an jima, ransa bai ɓaci ba.

Da can ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta rufe, ya koma gyaran firji da esi mai sanyaya ɗaki, daga nan ya shiga sola. Bana gwiwoyinsa sun ce sun gama hawa tsani, matarsa Janet kuma ta goyi bayansu, ta ba da tsanin kyauta ba tare da ta shawarce shi ba. Shi ya sa ya kamata a yi maganarsa yanzu, yana raye, kunnensa na ji.

Ayyukansa suna da yawa, amma mutanen Makera in an ambaci sunansa gidan Rhoda suke nunawa.

Rhoda mutuniyar Filato ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Jemimah, budurwa mai ɗinki wadda aka haifa da ciwon sikila. Duk mai irin wannan jinya a gida ya san abin da ruwan sanyi ke yi: ya taɓa jiki, ciwon ya tashi, ƙashi ya kama sara. Rhoda ta yi shekaru tana hura gawayi kowace safiya don ruwan wankan 'yarta. Wata safiya cikin watan Agusta, ruwan sama ya kwana yana zuba, gawayi ya jiƙe, ita kuma tana kwance da zazzaɓi. Jemimah ta ji tausayin tashinta, ta watsa ruwan randa. Kafin yamma tana gadon asibiti ana ƙara mata jini.

A bakin coci Rhoda ta tare Baba Filibus, idonta jawur.

"Baba, ƙarfina ya fara ƙarewa. Ranar da na kasa tashi kuma fa? Wa zai hura mata wuta?"

"Maman Jemimah, kin taɓa sa hannu a bayan firji?"

"Baba, ina maganar 'yata kana maganar firji?"

"Ai maganarta nake yi. Irin wannan ɗumin da firji ke zubarwa a banza, shi za mu tara mata a tanki."

Ya yi mata bayani a hankali. Zai haɗa na'ura daga injin wata tsohuwar esi. Ba ta dafa ruwa irin na hita, zafin da ke cikin iska take kwasowa ta zuba a ruwa, shi ya sa ba ta cin wuta sosai, 'yan farantan sola kaɗan sun ishe ta. Da rana ta yi aikinta, tankin kuma a naɗe shi da soso da bargo, ruwan ya kwana da ɗuminsa. Abu ɗaya ne sharaɗi: lallai rana ta samu farantan sosai, balle da damina da hadari ke cinye rabin yini.

Washegari ya zo da kujerarsa. Ya zauna, ya yi zane, ya ci doya da miya, ya ƙara zane. Da la'asar fuskarsa ba ta yi daɗi ba. Wani ƙaton mangwaro na gidan da ke jikin katanga ya yi wa rufin Rhoda rumfa tun hantsi. Rana ba ta sauka a kwanon sai ta riga ta gaji.

Rhoda ta dafe ƙirji. Gidan na Malam Isiyaku kafinta ne, wanda bai ƙaura ba ko lokacin da rikicin addini ya sa Musulmin unguwar da yawa suka haye kogi suka koma ɗaya ɓangaren garin. Bishiyar kuwa matarsa marigayiya Indo ce ta dasa ta shekarar da ta tare. A ƙarƙashinta yake shimfiɗa tabarma kowace yamma, shi kaɗai.

"Abeg Baba, don Allah kar ka faɗa masa," in ji Rhoda ƙasa-ƙasa. "Mangwaron Indo ne. Gara na ci gaba da gawayina."

Amma katangar gajeruwa ce. Da safe Baba Filibus na isowa ya tarar da Malam Isiyaku a gindin bishiyar, ya naɗe hannun riga, gatari a hannu.

"Maman Jemimah, jiya na ji komai," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Yarinyar nan a bayan Indo ta yi wayo. Da tana raye, ita za ta miƙo mini gatarin nan."

Rhoda ta rufe baki da gefen zani. Baba Filibus ya dubi hannun dattijon, ya ga yadda ya damƙe ƙotar kamar wanda za a yi wa allura, sai tausayi ya kama shi.

"Malam, ajiye gatarin nan tukuna. Ai ban gama zama ba."

Ya ɗauki kujerarsa ya zagaya gidan Malam Isiyaku, ya dasa ta a can. Yini guda ya ƙara yi, har da shan kunun gyaɗa. Rufin ɗakunan duk inuwa ce. Amma shagon kafintan da ke bakin titi, tun fitowar rana har faɗuwarta ba abin da ya gitta masa.

"Malam, aro nake nema. Rufin shagonka."

"Aro? Wallahi ka ɗauke shi gaba ɗaya in kana so!"

Malam Isiyaku da kansa ya canza katakon rufin don ya ɗauki nauyin farantan. Baba Filibus ya hau ya kafa su, ya jawo waya mai kauri ta bi bayan bishiyar, ta ratsa katanga, ta shiga gidan Rhoda. Da ya gama, aka ga ya sake huda katangar a ƙasa, ya zura bututu, ya ɗaura kan famfo ta ɓangaren Malam Isiyaku. Ba wanda ya sa shi.

"Wannan kuma na mene ne, Filibus?"

"Rana a rufinka take sauka, Malam. Ba zai yiwu ka riƙa alwalar asuba da ruwan sanyi ba."

Malam Isiyaku ya murɗa famfon, ya tara hannu, ruwa mai ɗumi ya zubo masa.

Baba Filibus, kai ne wanda ya ga gatari a hannun mai makoki bai ce masa sara ba, alhali hakan ya fi maka sauƙi, kuma ba wanda zai zarge ka. Kai ne ka yarda a yi maka dariya, a kira ka malalaci, don kar ka kafa wa mutum abin da zai ba shi kunya bayan ka tafi. Mai Gadin Inuwa, sunan da aka sa maka don tsokana, yau da girmamawa muke kiranka da shi.

Ranar da aka yi masa walimar ajiye aiki, a ƙarƙashin mangwaron aka shimfiɗa tabarmi, 'yan coci da mutanen masallacin layin suka zauna a cakuɗe. Ana cikin cin shinkafa Jemimah ta fito da baho da tawul, ta durƙusa a gabansa, ta ce ya naɗe wando za ta gasa masa gwiwoyi. Ya yi ta ƙi, Janet ta harare shi, ya miƙa ƙafa. Sai da ya fara tsoma yatsa a ruwan, don hali ba ya barin mutum.

"Yaushe rabon da a goge farantan nan?"

"Jiya Baba Isiyaku ya sa aka goge," in ji ta tana dariya. Ta matse tawul ta ɗora masa a gwiwa, sannan ta yi ƙasa da murya. "Baba, ciwon yana nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma daminar bana ban kwana a asibiti ba. Kuma Mama tana barci har gari ya waye."

Baba Filibus ya juya kai yana kallon rassan bishiyar, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Ku masu tasowa a wannan sana'a, da ma kowace sana'a, kayan aikinku sun fi nasa kyau, ba musu. Amma kafin ku hau rufin mutum, ku nemi kujera ku zauna a gidansa, ku ga yadda yininsa yake tafiya.

Mun gode, Baba Filibus. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ka ci moriyar hutunka. Gobe da sassafe, kana kwance a Trikania, famfo biyu za su buɗe a jikin katanga ɗaya a Makera, mangwaron Indo yana tsaye a kansu.