Ranar da Malam Birki Ya Kama Sitiyari

Ku matso, akwai maganar da nake riƙe da ita tun jiya, har ta fara ƙona mini ciki. Amma ku dakata, sai kun san mutumin tukuna.

Malam Birki maƙwabcina ne, mai koyar da tuƙi. Shekara ashirin da shida yana zaune a kujerar gefen direba, ƙafarsa kan ƙarin birkin da bakanike ya sa masa, yana ihu, "Birki, ɗan nema! Birki!" Rabin direbobin garin nan daga hannunsa suka fito, sauran rabin tsoronsa ya hana su koyo a wurinsa.

To ranar Talata wata ɗaliba ta kashe masa mota a tsakiyar shataletale, ta fashe da kuka, ta fice ta bar ƙofa a buɗe. Malam ya zagaya ya kama sitiyari don ya kauce wa mutane. Bai yi taku goma ba jami'in hanya ya tare shi. Kuma wane jami'i? Tsohon ɗalibinsa, wanda ya sha ranƙwashi har kansa ya yi ƙwarya-ƙwarya.

"Baba, lasisi."

"Ni kake tambaya? Ni da na nuna maka inda giya take?"

"Kai ka ce ko ubana ne kada in ɗaga masa ƙafa, Baba."

Babu lasisi. Bai taɓa yi ba. Aka rubuta masa takardar tara, aka riƙe motar sai ya kawo lasisi. Motar nan kuwa ita ce cinsa, ita ce shansa.

Yanzu ga maganar. Jiya da la'asar ina shanya a jikin katangarmu, sai na ji matarsa tana cewa, "Malam, tarar ai ka biya. Ka je ka yi jarrabawar mana, wa zai kayar da kai?"

Ya ce, "Na je. Ido suke fara gwadawa. Na hagun nan tun ina saurayi ya mutu, na daman ma ya fara bin sa. Kin zaci son zama ne ya ajiye ni a gefe? Ɗaruruwa na koya wa, yau ko ɗaya bai leƙo ba."

Na taka bokiti na yi ɗage don in ji sauran, bokitin ya kife da ni. Ina ɗagowa sai ga kansa bisa katanga.

"Maƙwabciya, zanen nan sau uku ke nan kina shanya shi, kuma busasshe ne. Da ido ɗayan ma na gan ki."

Ya miƙo mini allon MAI KOYO da ya cire daga motar ranar da aka riƙe ta.

"Ungo. In kin fita baza labarin, ki haɗa da cewa na daina. Kin hutar da ni faɗa da bakina."