Sauraron Baƙin Mai

Ni dai man gyaɗa na sani. Tun ina budurwa a Magama nake suya da matsa, kuma da aka kawo ni Jibiya ban ajiye sana'ar ba. Direbobin da ke jiran a buɗe masu hanya su wuce Maraɗi, da 'yan dako, da ma'aikatan kan iyaka, duk sun ci ƙulina ko da ba su taɓa ganin fuskata ba. Saboda haka in ana maganar mai ina da ta cewa, sai dai maigidana, Allah Ya ji ƙansa, ya daɗe bai san da wannan ba.

Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka shigo ƙasa kowa ya rikice. Wanda jiya yake kan jaki, yau ga shi kan babur yana danna wa jakin oda. Manyan motoci kuwa layi-layi suke a bakin iyaka, kuma kowace sai an yi mata juye, a kwance mata tsohon man inji baƙi ƙirin a zubar a ƙasa. Har akuyoyin unguwarmu sai da suka koma masu baƙin ƙafa.

Ana nan sai wani Alhaji ya fara zuwa daga Kano da babbar mota, wai baƙin man nan yake so. Ya ce akwai masana'antar da ke sake dafa shi ya koma sabo. Amma ba ya ɗaukar shi yadda ya fito daga cikin mota. Sai an bar shi ya kwanta, an ɗora shi a wuta ruwan da ke ciki ya fita, sannan a tace. Ya ce in aka kai masu shi da ruwa da yashi, tukwanensu su kama, bututu ya toshe, a tsayar da aiki a yi ta kankara. Da maigida ya kawo mani labarin na ce ashe su ma masu masana'anta suna fama da ƙanzo. Bai yi dariya ba, don shi ya riga ya ɗauki abin da girma.

Shi manomi ne. Da rani yana 'yan buge-bugensa a tasha, da damina kuma ya koma ƙauyensu Daddara su yi noma shi da yayansa. Ban ankara ba sai na ji ya sayar da bijiman huɗarsa guda biyu, ya sayo duro shida da mazurari da agogon hannu. Yaya bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Fartanyar maigida kawai ya ɗauka ya rataye a zauren gidansu, daidai inda duk mai shiga zai gani, ya ce a gaya mashi tana nan tana jira. Tun daga ranar maigida ba abin da yake tsoro a duniya kamar ya koma Daddara ya sauke fartanyar nan a gaban mutane, ba bijimi ba sana'a.

Shi agogon kuwa dalilinsa ɗaya ne. Alhaji ya ce mashi a dafa man kamar awa biyu. A tsaye ya faɗa, ƙafa ɗaya cikin mota, amma maigida ya riƙe maganar gam. Wani direban Maraɗi ne ya koya mashi karanta agogon, daga nan muka shiga uku. Ladan ya kira salla, sai ya duba hannu ya gyaɗa kai, wai ya yi daidai. Na kawo tuwo, ya duba hannu. Akuya ta haihu ma sai da ya gaya mana ƙarfe nawa.

A bayan gida ya kafa murhunsa, nesa da ɗakuna, tsakaninsa da madafina zana ɗaya ce. Wani tsohon tankin mota da aka yanke ne tukunyar, yana cin man duro shida. Ya cika ta, ya hura wuta, ya zauna a kan kututture yana kallon hannunsa, awa biyu na cika ya janye itace. Da rani abin ya tafi daidai, don man a bushe yake zuwa. Alhaji ya ɗauka sau biyu ba ƙorafi, maigida ya fara tafiya yana buɗa hannu don a ga agogo.

Damina ce ta tona mana asiri. Makanikai a buɗe suke barin garewanin da suke tara mashi man, ruwan sama ya zuba son ransa. Yaran mota kuma da suka gane ana neman baƙin mai, wasu har ƙara mashi ruwa suke don jarka ta cika. Shi kuwa agogo bai san da wannan ba, awa biyunsa dai awa biyu ce.

Alhaji yana da yadda yake gwaji. Sai ya sa a kawo garwashi, ya ɗora wani guntun ƙarfe ya yi zafi, ya ɗiga man a kai. In ya kwanta lumus, ya ɗauka. In ya yi tartsatsi, da ruwa ke nan. Ranar ina bayan zana na ji tas-tas-tas, na ji Alhaji ya yi tsaki. Ya tafi ya bar mana duro shida. Bayan mako uku ya dawo, aka sake, man ya sake tofa mashi. A nan ya ce shi ba zai riƙa ƙona gas daga Kano don ya zo jin waƙa ba. Sau ɗaya ya rage. In ya dawo ya tarar da haka, akwai wani a Magama da ke roƙonsa, can zai koma.

Abin da ya ƙona mani rai shi ne, ni na san abin da ke faruwa tun kafin Alhaji ya zo. Ina zaune a madafi ina jin tukunyar nan. Mai in yana da ruwa ba ya ɓoyewa. Da farko gunaguni yake, sannan ya fara tsartuwa, kumfa ya taso, ya yi ta surutu. Sai ruwan ya ƙare sannan ya yi shiru. Duk macen da ta taɓa toya ƙuli ta san haka. Shi kuwa maigida, man na tsakiyar magana zai duba hannu ya janye wuta.

Na bari ya ci ya ƙoshi, sannan na gaya mashi a hankali, da ladabi iyakar iyawata, wanda na yarda ba shi da yawa. Na ce Malam, man nan bai gama ba kake sauke shi, ka riƙa bari sai ya yi shiru. Ya dube ni, ya dubi agogo, kamar shi zai ba ni amsa.

"Man mota ba man ƙuli ba ne," in ji shi.

Wallahi raina ya ɓaci. Kwana biyu miyarsa ba ta ga man shanu ba, kuma bai tambaya ba, don ya san dalili. Amma fushi daban, tausayi daban. Ina ganin mutumin nan ya daina cinye tuwonsa, in an ambaci Daddara sai ya tashi ya bar wurin. Ni ma kuma ba marmarin komawa gidan gandu nake ba, in zauna ana kallona a matsayin matar wanda ya sayar da shanu ya sayo duro.

Ranar da zai ɗora na ƙarshe, ya cire agogon zai yi alwalar asuba, ya ajiye a kan murfin randa kamar kullum. Yana sunkuyawa na ɗauke. Rasa inda zan sa na yi, sai na jefa shi cikin tukunyar daddawa na rufe. Har yau ban san abin da ya kai ni daddawa ba, ga kwalla ga ƙarƙashin katifa.

Da gari ya waye aka shiga nema. Ya ɗaga randa, ya zazzage tabarma, ya leƙa akurki. Ya tsaya ya daɗe yana kallon akuya, ita ma tana kallonsa tana tuƙa. Ni kuwa ina taya shi nema da salati, Allah Ya yafe mani. Ga shi ba halin ɗagawa, don sai man ya huce ya kwanta kwana uku kafin Alhaji ya iso. A ƙarshe ya hura wuta, ya ce tunda ni a zaune nake, in lura da inuwar katanga, in ta kai gindin turmi awa biyu ta yi, in gaya mashi.

Na ce to. Ko kallon inuwar ban yi ba. Na jawo kujerata jikin zana, na ɗauko gyaɗa ina ɓara, na kasa kunne.

Man ya fara gunaguninsa. Can ya shiga tsartuwa, kuma yadda yake yi na san ruwan da ke cikinsa ya isa a yi wa jariri wanka. Da na ji kumfa na neman bakin tukunyar sai na ce, kamar da kaina nake magana, wutar nan ta yi yawa. Na ji an janye itace ɗaya.

Inuwa ta kai turmi, ta wuce turmi. Sai ga muryarsa ta bayan zana.

"Ke, awa biyu ta yi?"

"Da saura."

Na ji ya gyara wuta. Hantsi ya dubi ludayi, ya sake tambaya, na ce da saura. Ya ce wannan wace irin awa biyu ce. Na ce ni dai abin da inuwa ta nuna ke nan, alhali inuwar ta bar turmi ta kusa komawa gindin katangarta.

Wajen nan ne na tashi zan ɗora miya. Na buɗe tukunyar daddawa, na sa hannu, na lalube ta har ƙasa. Ba agogo. Na ce shi ke nan, na ɓatar wa mutum da abin da ya fi so. Sai na tuna ɗazu da na zagaya ya shigo shan ruwa, kuma agogon nan in wuri ya yi tsit ana jin tafiyarsa, balle a cikin tukunyar ƙasa.

Na lallaɓa na sa ido a wata 'yar kafa ta zana. Yana zaune a kan kututturensa, gumi ya jiƙa mashi riga. Na ga ya sa hannu a aljihu, ya fiddo agogon, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya goge a gwiwa. Ya duba shi sosai. Ya dubi tukunyar da ke ta tartsatsi. Sannan ya mayar da agogon aljihu, ya juyo wajen zana ya ɗaga murya.

"Ke, har yanzu ba ta yi ba?"

Dariya ta zo mani, kuka ma ya zo, na rasa wanda zan yi. Ban taɓa jin son mutumin nan ba kamar a wannan lokacin, yana wari biyu, na baƙin mai da na daddawa. Na gyara murya na ce da saura kaɗan.

Sai dab da azahar man ya yi shiru. Na ƙara mashi ɗan lokaci don in tabbata, sannan na ce ta yi. Ya janye wuta. Da ya zo tacewa bayan kwana uku, na ga zai ɗauko buhun algararar da ya saba, wanda ko tsakuwa za ta iya wucewa ta cikinsa. Na ɗauko tsohon zanena mai laushi da nake tace kamu, na rataye a kan zana na shige ɗaki. Da na fito zanen ba ya nan. Kuma na lura wannan karon bai kwashe har ƙasa ba, ya bar lakar da ta kwanta a gindin tukunyar, yadda nake barin tawa in na matse gyaɗa.

Alhaji ya iso da hantsi. Aka kawo garwashi, ƙarfe ya yi zafi. Ni ina maƙale a bayan zana, na kasa kunne. Ya ɗiga. Ban ji komai ba. Ya ce a buɗe na biyu, ya ɗiga, shiru. Sai da ya bi duro shidan nan ɗaya bayan ɗaya, don shi ma bai yarda da kunnensa ba. Daga nan na ji ya ce wa yaransa su loda, kuma ya ce da maigida ya nemi ƙarin duro, don wannan ko mutanen Kano ba su kawo mashi irinsa. Ya tambaye shi me ya canza. Maigida ya ɗan yi tari, ya ce itace ne ya samu mai kyau. Itace! Na ciji gefen mayafina don kada a ji ni.

Da motar ta tafi ya shigo, ya tsuguna bakin rariya yana cuɗa hannu da toka da sabulu. Agogon na ɗaure a hannunsa, ban tambayi inda aka gan shi ba, shi ma bai ce ga inda ya tsince shi ba. Na kawo ruwa ina zuba mashi. Ya daɗe yana wanke yatsa ɗaya, kansa a sunkuye.

"Ranar Laraba zan ɗora wani," ya ce. "Kada ki sa suyar gyaɗa ranar. Ƙarar kaskon za ta hana ki ji."

Laraba ce ranar suyata tun da na zo gidan nan, masu saye duk sun san da haka. Na ce to, na mayar da ita Alhamis.