Hancin Malam Harisu

Malam Harisu mai cajin waya a Sheme ladancin masallacin unguwa yake hari, shi ya sa ba shi da aiki sai tsine wa masu laya. Amma a wasan waya na tantance kayan tsafi babu mai kamo ƙafarsa. Wai shirka yake koyon gujewa.

Ran nan, a gaban liman, yana koya wa Muttaka tela wasan: "Kar ka yi gaggawa. Karanta bayani, dubi ɗinkin fata, sannan ka shinshina."

Muttaka ya ce, "Malam, wayar za ni shinshina?"

Hannun Harisu ya zarce ƙugu, inda gurunsa ke ɓoye. Liman ya bi hannun da kallo. Wani aka ba ladancin.