Filin da ke Gaban Aya

Shekara arba'in Abba, mahaifina, ya yi yana gyaran kura-kuran rubutu a wata maɗaba'a a Banglabazar, layin masu buga littattafai, kuma duk layin an san shi da Mokhles mai jan biro. Ko katin biki ka miƙa masa, sai ya zaƙulo maka wasalin da ya karkace kafin ya ce Allah ya sanya alheri. Abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya: littafi bai taɓa fita daga hannunsa da kuskure ba. Mun sha jin wannan har kunnenmu ya gaji.

Cikin ɗaruruwan da ya gyara, ɗaya ya riƙe a ransa, labarin Kyaftin Nishita da ta tuƙa jirgi zuwa wata duniya mai rana biyu don ta samo irin shinkafar da ruwan gishiri ba ya kashewa. Mutumin da ko motar haya ke sa shi jiri! Tun ina shekara shida, bayan jirgin ruwan Barisal ya nutse da Amma, mahaifiyata, da wannan littafin ya raine ni. Duk shekara sai ya sake karanta shi.

Da idonsa ya fara yin yana, bai gaya wa kowa ba. Ni na gano, don na ga ya yi minti goma bai juya shafi ba. Sai na sa masa littafin a waya, wanda wata mata ta karanta da murya. Ya yi ta tsaki, wai littafin da ba a taɓawa ai hira ce. Kwana biyu sai ga shi da abin kunne, tsohon littafin a cinya, yana jan yatsa a kan layi, yana yi wa matar faɗa in ta tsallake waƙafi.

Ran wata Juma'a bayan la'asar ya buga mini waya, ya ce in zo yanzu-yanzu, ya kashe. Nan take na fito. Awa biyu na yi a cunkoso daga unguwarmu Mirpur, ba abin da ban saƙa ba, daga hawan jini har faɗuwa a banɗaki. Na tarar da shi zaune daram, shayinsa ya huce.

Wai matar da ke karanta littafin a waya ce ta ɓata ƙarshen labari. Ta ce "firlo na", wato a yarenmu Kyaftin Nishita ba ta dawo ba, alhali shi shekara talatin "firlo" ya sani, ta dawo. Saura ƙiris in fashe da masifa, sai na lura da yadda ya ƙanƙame bangon littafin. Ashe har ya kira wani mai shagon littattafai, an duba masa sabon bugu, kuma "na" tana nan a zaune. Abin da ya rage shi ne bugun farko, wannan na cinyarsa, wanda ya bi ta ƙarƙashin bironsa.

"Uwata," in ji shi, "karanta mini layin ƙarshe. Ba na gani."

Ran nan ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa, kuma wallahi tsoro ya kama ni. Na karɓa na buɗe. Ga "firlo", ga aya, a tsakaninsu ɗan fili fari inda ƙwayar harafin dalma ta injin bugu ta zame tun kafin a buga. Ko sabon shiga ya ga wannan filin ya san wani abu ya faɗi. Na buɗe baki zan yi masa ƙarya in ce "na" tana nan, kansa ne ya manta.

"Abin da ke kan takarda, Shiuli," ya katse ni.

"Babu, Abba. Fili ne kawai."

Ƙararrawar kekuna na ta tashi daga titi. Can ya ce in duba masa watan da aka buga. Na juya gaba na karanta: Yuli, tsakiyar damina, da shekarar. Da na ji shekarar a bakina sai na gane ita ce shekarar da jirgin ya nutse.

"A makon da muke zarya bakin kogi muna jiran labarin Ammanki na gyara shafin nan," ya ce. "Na ga filin. Yanzu na tuna, na gan shi da idona, na wuce."

Sai hawaye suka zubo mini. Shi kuwa ya lalubi aljihun rigarsa ya zaro jan biron, ya ce in ɗora masa a wurin. Na kama hannunsa na kai bakin biron kan filin. Ya daɗe a haka, har na ɗauka ya fasa.

Sannan ya rubuta "na". Ta fita a karkace, ta hau kan ayar, kuma ban gaya masa ba.