Labo da Ƙwan Zabin Daji

"Wa na wancan da ludayi bisa kahwaɗa? Hura za shi sha cikin daji?"

"Labo na. Ƙwan zabi za shi biɗa."

"Bana? Kusu sun bar mishi wani abu?"

"Kai dai bari. Sau ukku ina shibka, dut sun tone."

A bakin rijiyar Tajaye ake wannan hira da hantsi, damina ta biyu bayan babban fari. Labo ya ji su sarai, bai waiwaya ba.

Manomi ne, gajere, ya ba hamsin baya, amma ba da noma aka san shi ba. In damina ta faɗi, shi ke bin sawun zabin daji har inda suke zuba ƙwai. Ba ya sa hannu. Ludayi ne ya ɗaure a bakin dogon kara yake kwasowa da shi, don mahaifinsa ya ce in zabuwa ta ji warin hannun mutum, ta bar wurin ke nan. Kuma kullum sai ya bar mata uku don ta ci gaba da zubawa. Ƙwan da ya kawo, mata ke sa wa kaji su kwanta. Rabin zabin da ke kuka a gidajen garin, ta ludayin nan suka shigo.

Sai ga kusu, wato ɓeraye. Fari ya riga ya rage dila da muzurun daji da mujiya, ruwa ya dawo, ciyawa ta yi iri, ba mai tare kusun. Suka tone shuka, suka huda rumbuna, suka bi ƙwan fakara da 'yan tsakin zabi. Da kuka ya yi yawa, aka kawo magani daga buro, ofishin gwamnati, jan gari da ake cuɗawa da gero a watsa bakin rami. Labo ya yi magana a ƙofar maigari, ya ce a riƙa turawa can cikin ramin a rufe da sakaina, zabi ma gero suke tsattsaga.

"Labo, muna ta hatsi kana ta zabi!" in ji wani. Aka yi dariya.

Bai ji haushi ba. Shi ma ya sa maganin a gonarsa, yana da bakunan ciyarwa.

Wuri tara ya sani bana inda zabi suka zuba ƙwai. Ɗaya ya rage, gindin wata magarya a hanyar Illela. Da ya isa ran nan, ya tarar da zabuwar kwance taku kaɗan daga wurin, jan gero a bakinta, tururuwa ma ba su kai gare ta ba tukuna. Ya haƙa rami mai zurfi ya rufe ta don kada ungulu ta ci. Ya miƙa ludayi kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Warin hannun nasa wa zai ji kuma? Ya ajiye karan, ya durƙusa ya taɓa ƙwan. Da ɗumi. Goma sha huɗu ne, ya kwashe duka, ya jera cikin hula, ya cusa cikin riga ya manna a ciki. Ya kamo hanya da sauri, ba halin gudu.

Kajinsa sun ƙare tun shekarun yunwa. Kaza ɗaya ya sani mai kwanci a unguwar, ta Shatu, matar wansa. Ya same ta tana surfe.

"A'a, mijina, wane ciki na wanga? Wata nawa?"

"Yau ni ɗauke shi, Shatu. Goma sha huɗu."

Ya buɗe hular. Ta jingine taɓarya, ta leƙa.

"Dut ka kwaso? Kai da kake barin ukku?"

"Uwar ta ci gero. Ban san wata ba daga nan har Illela."

Shatu ta dubi akurki. Shekaranjiya kazar ta kwanta bisa nata ƙwai takwas, su take sa rai ta sake tara kaji da su.

"To nawa hwa?"

"Ki dahwa ma yara. In Allah ya sa sunka ƙyanƙyashe, ki zaɓi naki, sauran in sun yi hiffike in maishe su daji. Don Allah, Shatu, ɗaga mini kazarga, sun hwara sanyi."